Robert Campbell: Baƙon da ya kafa jaridar farko a Legas

A ranar 6 ga watan Yunin 1863 ne aka fara buga jarida a birnin Legas. Sunanta Anglo-African, kuma shekara biyu da rabi kacal ta yi ta mutu. Wanda ya kafa ta, Robert Campbell, ba ɗan gari ba ne. Daga tsibirin Jamaika ya taso yana neman ƙasar kakanninsa.

An haife shi a birnin Kingston a shekarar 1829. Mahaifinsa Bature ne daga Birtaniya, mahaifiyarsa kuma ruwa biyu ce mai jinin Afirka. Tun yana saurayi ya koyi aikin ɗab'i, daga baya ya koma koyarwa. Neman abinci ya kai shi Amurka, inda a 1855 ya samu aikin malanta a wata makarantar baƙaƙen fata da ke Philadelphia. A lokacin ba a hana bauta a Amurka ba, kuma ilimi ba ya raba baƙar fata da wulaƙanci.

Tafiya zuwa Abeokuta

Wannan hali ne ya sa a 1859 Campbell ya haɗu da Martin Delany, likita kuma ɗan gwagwarmaya, suka zo ƙasar Yarabawa neman inda baƙaƙen fatar Amurka za su dawo su zauna. A watan Disambar shekarar suka ƙulla yarjejeniya da Alake na Abeokuta kan ba su fili. Campbell ya zaga garuruwa har Ilori, sannan ya wallafa littafi kan tafiyar a 1861.

Sai dai shirin bai je ko'ina ba. Alake ya janye daga yarjejeniyar, Yaƙin Basasar Amurka ya ɓarke, Delany kuma ya tsaya can. Campbell bai fasa ba. A 1862 ya kwaso iyalinsa ya sauka a Legas, shekara guda bayan Birtaniya ta karɓe garin daga hannun Oba Dosunmu.

Gwamna bai so ba

Kafin jaridar ta fito ma ta gamu da cikas. Gwamna Henry Freeman yana ganin jarida a ƙaramin gari mai cike da husuma tsakanin 'yan kasuwa, 'yan mishan da jami'an gwamnati ba abin da za ta haifar sai fitina. Ya nemi izinin Landan ya ɗora wa jaridu haraji, wanda da ya kashe ta tun tana cikin ƙwai. Ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka ba ta amince ba.

Haka Anglo-African ta riƙa fitowa mako-mako da Turanci, ɗauke da labaran gari, tallace-tallace, sharhi da rubuce-rubucen da aka tsakuro daga jaridun ƙetare. Kafin ta, jarida ɗaya ce a yankin, wato Iwe Irohin da ɗan mishan Henry Townsend ya kafa a Abeokuta a 1859. Bambancin shi ne ta Campbell ba ta coci ba ce, ba kuma ta gwamnati ba.

Abin da gwamna ya kasa yi, kasuwa ta yi shi. Masu karanta Turanci a Legas ba su da yawa, cinikin bai isa ya riƙe jaridar ba. A ƙarshen Disambar 1865 ta fito karo na ƙarshe.

Abin da ya bari

Campbell bai bar Legas ba. Ya gwada sana'o'i iri-iri, ya yi aikin gwamnati, ya kuma ci gaba da ba da lacca kan ilimi har ya rasu a 1884.

Bayan mutuwar jaridarsa, Legas ta yi shekara 15 ba ta da jarida. Sai a watan Nuwambar 1880 aka fara buga Lagos Times. Mai ita, attajiri Richard Beale Blaize, yana saurayi ya yi aikin ɗab'i a maɗaba'ar Anglo-African. Campbell na raye ya ga wannan rana.