Winston Churchill, ɗan siyasar da ya ɓoye sunansa don a yi wa zanensa adalci

A shekarar 1925 an shirya gasar zane a wani gida da ake kira Sunderland House a birnin Landan, wadda aka keɓe wa waɗanda ba sana'arsu ba ce zane. Sharaɗin shiga shi ne kada kowa ya sa sunansa a jikin aikinsa. Zanen da ya zo na ɗaya ɗan ƙarami ne: gidan jan bulo, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, rana ta hunturu ta haska bango. Ɗaya daga cikin alƙalan, Joseph Duveen, wanda ya yi suna wajen dillancin zane-zane, ya yi tababa, domin a ganinsa hannun ƙwararre ne ya yi aikin. Da aka bayyana mai shi, sai ga Ministan Kuɗi na Birtaniya, Winston Churchill. Gidan kuwa nasa ne, Chartwell, da ya saya a 1922 a yankin Kent.

An haifi Churchill ranar 30 ga Nuwamba, 1874, a fadar Blenheim, cikin zuriyar masu sarauta. Mahaifinsa ɗan siyasa ne, mahaifiyarsa Ba'amurkiya. Ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst, kuma yana cikin sojan doki na Ingila a yaƙin Omdurman na 1898, inda bindigogin Turawa suka karkashe dubban mabiya Mahadi a Sudan. Daga nan ya faɗa siyasa. Tsakanin 1905 da 1908 shi ne ƙaramin minista mai kula da ƙasashen mulkin mallaka, don haka rahoton Satiru ya bi ta teburinsa a 1906, bayan sojojin Lugard da dakarun Sakkwato sun shafe garin, aka kashe kusan mutum 2,000. Ya nuna rashin jin daɗi a rubuce game da kisan mutanen da kusan ba su da makami. Maganar dai ba ta wuce gefen fayil ba.

Har ya kai shekara 40 bai taɓa ɗaukar zane da muhimmanci ba. Faɗuwa ce ta kai shi. A 1915, yana ministan sojan ruwa, ya dage a kan kai farmaki ta mashigin Dardanelles don fitar da Daular Usmaniyya daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shirin ya wargaje, aka yi asarar rayuka masu yawa a Gallipoli, kuma a watan Mayu aka raba shi da kujerarsa. Mutumin da ya saba ba da umarni dare da rana ya wayi gari ba mai neman shawararsa, baƙin ciki ya rufe shi. A wata gona da iyalin suka kama haya a yankin Surrey ya ga matar ƙaninsa, Gwendoline, tana zane da fentin ruwa, ya karɓi buroshi ya gwada. Ba da jimawa ba ya sayi fentin mai. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya tsaya gaban farin ƙyalle yana jin tsoron taɓa shi, har Hazel Lavery, matar mai zane John Lavery, ta zo ta fizge babban buroshi ta yaɓa shuɗi a kai ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Daga ranar tsoron ya fita. A 1916, yana jagorantar bataliya a bakin daga a Beljiyam, akwatin fentinsa na tare da shi.

Abin da ya dame shi bayan haka shi ne abin da ke damun duk mai mulkin da ke da wata baiwa a gefe. Wa zai faɗa masa gaskiya? Minista ya nuna zanensa, kowa zai ce madalla. Saboda haka a 1921 ya aika da ayyukansa wani ɗakin baje koli a Faris da sunan aro, Charles Morin, aka kuma sayi wasu daga ciki. Gasar 1925 ita ce gwaji na biyu, kuma ya zaɓi abu mai wuya. Hunturunmu hazo ne da ƙura, nasu ƙanƙara ce, kuma mai zana ta ba ya tsira da farin fenti kawai: inuwarta shuɗi-shuɗi ce, inda rana ta taɓa ta kuma tana ɗaukar ruwan ɗorawa, sannan hasken ba ya jira, rana gajera ce, yatsu na sandarewa. Sabon hannu yakan yi ta gyara har ya kashe aikin. Churchill ya yi shi da kauri da sauri, ya bar shi haka, abin da ya sa Duveen ya ƙi yarda da farko ke nan.

Gwaji na uku ya zo bayan ya gama zama gwarzon Yaƙin Duniya na Biyu, kuma masu zaɓe sun kayar da jam'iyyarsa a 1945. A 1947 ya aika da zane biyu zuwa bikin baje koli na bazara na Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila, da sunan David Winter. Winter ɗin ma, a Turanci, hunturu ke nan. Aka karɓi dukansu biyu, ɗaya kuwa shi ne wancan tsohon zanen Chartwell cikin ƙanƙara. Sai dai a nan akwai abin lura: shugaban cibiyar, Alfred Munnings, shi ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya aika, don haka sirrin bai kai na 1925 tsauri ba. Shekara guda bayan haka cibiyar ta ba shi matsayin girmamawa na musamman, daga nan kuma zancen ɓoye suna ya ƙare.

Ya yi zane sama da 500, kuma mafi yawansu ruwa ne da itatuwa da lambuna da gaɓar tekun kudancin Faransa. Mutane ba su cika bayyana ba, in sun bayyana ma galibi ƙanana ne daga nesa. Wanda ya kalli zanukan kawai ba zai san mai su ya ga Omdurman ba. A tsawon yaƙi na biyu zane ɗaya tak ya yi, a watan Janairun 1943, bayan taron Casablanca: hasumiyar masallacin Kutubiyya a Marrakesh ta Maroko, da duwatsun Atlas masu ƙanƙara a bayanta. Ya ba Shugaba Roosevelt na Amurka kyauta. A wannan shekarar ce yunwa ta auka wa Bengal a Indiya, ta ci kusan mutum miliyan 3, kuma har yau masana tarihi na jayayya kan girman alhakin gwamnatinsa, wadda ta yi ta jan ƙafa wajen sakin jiragen ruwa su kai hatsi. Idon da ya iya bambance launuka a cikin inuwar ƙanƙara bai yi wa talakawan daular irin wannan kallo ba.

Ba kasafai yake sayar da zane ba, ya fi son bayarwa, ga 'ya'yansa da abokai da shugabanni irin su Truman da Eisenhower. Bai kuma taɓa da'awar shi gwani ne ba. A 1958, da aka zaga da ayyukansa biranen Amurka, jama'a sun yi dafifi, amma babban gidan adana zane na Chicago ya ƙi karɓarsu bisa hujjar cewa ba ya baje aikin 'yan sha'awa. Hukuncin ya tayar da ƙura, ko da yake ya fi kusa da irin wanda Charles Morin ya je nema a Faris.

Tsufa ya raba shi da buroshi a farkon shekarun 1960, ya mutu ranar 24 ga Janairu, 1965, yana da shekara 90. Ɗakin zanensa na nan a Chartwell, masu ziyara na shiga. Zanen masallacin Marrakesh kuwa ya bi hannaye har ya isa ga 'yar fim Angelina Jolie, wadda ta sa shi a gwanjo a Landan a watan Maris na 2021, aka saye shi fiye da fam miliyan 8.