Althea Gibson: Gwanar tanis da abokiyar wasanta ta ceto daga talauci

Kafin duniya ta san Venus da Serena Williams, wata ɗiyar manoman auduga ce ta fara buɗe wa baƙar fata ƙofar manyan gasannin tanis. Sunanta Althea Gibson, kuma wasan 'yan bibbiyu na mata ne ya haɗa ta da ƙawar da ta tsaya mata a lokacin da duniya ta manta da ita.

An haifi Althea ranar 25 ga Agustan 1927 a garin Silver da ke jihar South Carolina a Amurka. Iyayenta na noman auduga ne a gonar da ba tasu ba. A 1930 suka yi ƙaura zuwa unguwar Harlem a birnin New York, inda ta taso tana buga wasanni a kan titi.

Daga ƙananan gasanni

A wancan zamani kulob-kulob na fararen fata ba sa karɓar baƙi, don haka baƙar fata suka kafa tasu ƙungiyar mai suna ATA a 1916. A gasanninta ne Althea ta goge. Wasu likitoci biyu, Hubert Eaton da Walter Johnson, suka ɗauki nauyin karatunta da horonta. Daga 1947 ta lashe kofin mata na ƙungiyar sau goma a jere.

Duk da haka ba a gayyatar ta babbar gasar Amurka. Sai da tsohuwar zakara Alice Marble ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana sukar wannan wariya, sannan aka ba ta dama a 1950. Ita ce baƙar fata ta farko da ta buga gasar. A 1951 ta buga Wimbledon a Ingila.

Haɗuwarta da Angela Buxton

Shekarun da suka biyo baya ba su zo mata da manyan nasarori ba, har ta koma koyar da motsa jiki a wata jami'a a jihar Missouri. A ƙarshen 1955 gwamnatin Amurka ta tura ta rangadin wasanni a ƙasashen Asiya. A Indiya ne abota ta ƙullu tsakaninta da Angela Buxton, 'yar Birtaniya Bayahudiya, wadda ita ma wasu kulob-kulob suka ƙi karɓa saboda asalinta.

Wasan 'yan bibbiyu ba ya yiwuwa sai da abokiyar wasa, kuma ba kowace 'yar wasa ce ke son tsayawa gefe ɗaya da su ba. Sai suka haɗa kai. A 1956 suka lashe kofin 'yan bibbiyu na gasar Faransa, inda Althea ta kuma ci na 'yan ɗai-ɗai, abin da babu wani baƙar fata da ya taɓa yi a manyan gasanni huɗu na duniya. Makonni kaɗan bayan haka suka ɗauki kofin 'yan bibbiyu a Wimbledon.

Ciwon hannu ya raba Angela da wasa ba da jimawa ba. Ita kuwa Althea ta ci gaba. Ta lashe Wimbledon da gasar Amurka a 1957, ta maimaita a 1958. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta miƙa mata kyautar 1957. Ta kuma riƙe kofin 'yan bibbiyu na Wimbledon shekara uku a jere, kowace shekara da abokiyar wasa daban: Buxton, sai Darlene Hard, sai Maria Bueno. Jimilla ta ci manyan kofuna 11, biyar daga ciki a wasan 'yan bibbiyu na mata.

Suna ba kuɗi

A lokacin manyan gasanni ba sa biyan ladan kuɗi, sai a 1968 aka fara. Don haka Althea ta bar su a 1958 tana kan ganiyarta, domin neman abin sakawa a bakin salati. Ta fitar da faifan waƙa, ta fito a fim, ta buga wasannin nuni, sannan ta koma wasan golf, inda nan ma ta zama baƙar mace ta farko a gasar ƙwararrun mata ta Amurka. Babu wanda ya tara mata dukiya.

Da tsufa ya zo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, kuɗin magani da na haya suka gagare ta. A tsakiyar shekarun 1990 ta kira Angela a waya ta shaida mata cewa ta yanke ƙauna da rayuwa. Angela ta fara aika mata da kuɗi daga aljihunta, sannan ta sa aka wallafa wasiƙar neman taimako a mujallar Tennis Week. Gudummawa ta riƙa shigowa daga ƙasashe daban-daban, abin da ya rufa mata asiri har ƙarshen rayuwarta.

Althea ta mutu ranar 28 ga Satumban 2003 a jihar New Jersey tana da shekara 76. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a filin gasar US Open, kuma Angela na cikin waɗanda suka halarci bikin, shekara guda kafin ita ma ta mutu.

Har yau 'yan matan da ke buga ƙananan gasanni, irin gasar Dala da ake yi a Kano, na fama da kuɗin mota da masauki da kayan wasa, kuma ladan 'yan bibbiyu raba shi ake yi gida biyu. Althea ma daga irin waɗannan filaye ta fito, da tallafin mutum biyu da suka yarda da ita.