Dokta Ida Scudder: Baƙuwar Da Ta Zama 'Yar Gida

An haifi Ida Scudder a shekara ta 1870 a kudancin Indiya, inda mahaifinta yake aikin likita na mishan. Tun tana ƙarama ta ga irin ɓarnar da yunwa da cuta suke yi wa talakawa, don haka da aka kai ta Amurka karatu, sai ta ƙudura cewa ba za ta bi sawun iyayenta ba.

A 1890 mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya, Ida kuwa ta koma Indiya da niyyar ta yi jinya na ɗan lokaci kawai. Ana nan, a wani dare guda, maza uku suka zo ɗaya bayan ɗaya suna roƙonta ta taimaki matansu da naƙuda ta tsananta musu. Ba ta san aikin ba, su kuma al'ada ta hana su barin namiji ya duba matansu, ko da mahaifinta ne. Da gari ya waye aka sanar da ita cewa dukan matan sun rasu. Ida ta ɗauki wannan a matsayin kiran Allah.

Ta koma Amurka ta karanci likitanci, ta gama a Jami'ar Cornell a 1899. A 1900 ta fara duba marasa lafiya a garin Vellore, cikin ɗaki mai gado ɗaya. Bayan shekara biyu ta buɗe asibitin mata mai gado 40.

Amma ta lura cewa mafi yawan masu ciwo suna ƙauye, ba su da kuɗin hanya, wasu kuma tsoron asibiti suke yi. Sai ta riƙa loda magunguna tana bin hanyoyin karkara kowane mako. Tana tsayawa a gindin itatuwa, jama'a su taru, ta wanke gyambo, ta sa maganin ido, ta duba kutare da mata masu ciki. Wanda ciwonsa ya yi tsanani ta ɗauke shi zuwa asibiti.

Ta kuma gane cewa baƙo, kome ƙwazonsa, ba zai wadatar da ƙasa ba sai ya horar da 'yan ƙasa. A 1909 ta kafa makarantar nas-nas, a 1918 kuma ta buɗe makarantar koya wa 'yan matan Indiya aikin likita, alhali mutane da yawa suna cewa ba za su iya ba. Rukunin farko suka gama a 1922. Wannan makaranta ce ta zama Christian Medical College, ɗaya daga cikin manyan asibitocin koyarwa na Indiya.

Ida ba ta yi aure ba. Ta rasu a Indiya a 1960 tana da shekara 89. Rayuwarta ƙalubale ce ga kowane mai bi da yake son taimakon marasa lafiya: ya je inda suke, ya daɗe tare da su, ya kuma koya wa wanda zai gaje shi.