Nana Asma'u 'Yar Shehu

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tun tana ƙarama ta sauke Alƙur'ani, ta shiga littattafai, har ta gwanance da rubutu cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu, saboda haka ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Da ta isa aure aka ba da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

An ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, amma cin gari daban, cin zukata daban. Ƙasa ta cika da matan da aka kamo wajen yaƙi, da gwauraye, da marayu. Da yawansu ba su jin Fulatanci, balle Larabci, kuma bori suka gada. To, yaya za a yi waɗanda suka ci da waɗanda aka ci su zauna wuri guda?

Asma'u ta ga waƙa tana shiga inda wa'azi ba ya kai. Sai ta riƙa tsara waƙoƙi da Hausa mai sauƙi, irin waɗanda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Waɗansu na Fulatanci kuwa ƙanenta Isa ya juya su.

Daga nan ta zaɓi dattijai mata daga ƙauyuka, ta naɗa su jagorori, ana ce wa kowace Jaji. Ku lura da wannan dabara, yara. Malfa ita ce alamar Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori. Asma'u ba ta jefar da malfar ba, sai ta ɗaura mata jan ƙyalle, ta aza wa Jaji a ka. Bagobira ta ga abin da ta sani, ba ta firgita ba. Kowace Jaji takan jawo ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi waƙa, su faɗi damuwarsu, su koma gida su koyar. Su ake kira 'Yan Taru. Zuma da hatsin da suka kawo kuwa, takan rabar wa mabukata.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.