Tarihin Rayuwar Fannie Farmer, Malamar Girki Da Ta Daidaita Awo

A wannan fili da muke kawo tarihin mutanen da suka bar wa duniya abin amfani, yau mun waiwayi rayuwar Fannie Merritt Farmer, shahararriyar malamar girki ta ƙasar Amurka, wadda lalurar jiki ba ta hana ta zama jagora a sana'arta ba.

An haife ta ranar 23 ga Maris, 1857 a birnin Boston na jihar Massachusetts, kuma ita ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu. Iyayenta sun so ta yi karatu mai zurfi, sai dai tana da shekara 16 ciwon shanyewar jiki ya kama ta, a lokacin da take makarantar sakandare a garin Medford. Ta shafe shekaru ba ta iya tafiya, karatu ya tsaya, kuma ko bayan da ta samu sauƙi ɗingishi bai rabu da ita ba. A wannan zaman jinya ne ta rungumi girki a gidan iyayenta.

Sai da ta kai shekara 30 sannan ta shiga Makarantar Koyon Girki ta Boston. Ta kammala a 1889, aka riƙe ta a matsayin mataimakiyar shugaba, kana a 1891 aka damƙa mata ragamar makarantar.

A wancan zamani yawancin masu girki da ido suke awo: ɗan gishiri kaɗan, cikin hannu na fulawa, man shanu kamar girman ƙwai. Gwanaye ba sa kuskurewa, amma mai koyo takan yi asarar kayan haɗi, abincin yau daban na gobe daban. Don haka Farmer ta dage cewa a yi amfani da kofi da cokali na awo, a cika su, a share abin da ya taru a sama da wuƙa. Ta haka duk wadda ta bi umarni za ta samu sakamako iri ɗaya.

Wannan tsari ta zuba a littafinta The Boston Cooking-School Cook Book na 1896. Kamfanin ɗab'i na Little, Brown bai yi zaton zai samu kasuwa ba, saboda haka kwafi 3,000 kawai aka fara bugawa, da kuɗinta. Wannan ya sa haƙƙin mallaka ya zauna a hannunta, kuma da littafin ya karɓu ita ta ci ribarsa. An yi ta sake buga shi shekaru aru-aru bayan rasuwarta.

A 1902 ta buɗe makarantarta ta kanta a Boston domin koyar da matan gida. Da yake ta san zafin jinya, ta mai da hankali kan abincin marasa lafiya, ta wallafa littafi a kan haka a 1904, har aka gayyace ta ta gabatar da lacca a sashen koyon likitanci na Jami'ar Harvard.

A ƙarshen rayuwarta kan keken guragu take koyarwa, kuma ta yi laccarta ta ƙarshe kwana goma kafin ta rasu ranar 15 ga Janairu, 1915, tana da shekara 57. Makarantarta ta ci gaba da aiki bayan rasuwarta.

Muna fatan iyayen yara masu lalura, da matan da suke ganin lokacin karatu ya wuce musu, za su yi nazarin wannan tarihi, su nemi cibiyar koyon sana'a mafi kusa da su.