Janar Murtala Muhammad da baƙar Marsandin da ta zama abin kallo

A ƙasashen Turai da Amurka tsohuwar mota kan tara jama'a saboda kyawun ƙirarta, ko gudunta, ko kuma tsadarta. A shekara ta 2022 an sayar da wata Marsandi samfurin 300 SLR, ƙirar 1955, a kan kuɗi euro miliyan 135.

A Nijeriya kuwa, da wuya a sami tsohuwar motar da ta kai wata baƙar Marsandi suna, wadda ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke unguwar Onikan a birnin Legas. Ba motar tsere ba ce. Samfurin 230.6 ce, irin wadda manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ke hawa a shekarun 1970. Abin da ke kai mutane kallonta shi ne hujojin harsasan da ke jikinta, domin a cikinta ne aka kashe shugaban ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammad.

Daga Kano zuwa Sandhurst

An haifi marigayi Murtala ne a birnin Kano ranar 8 ga watan Nuwamba na shekara ta 1938. Ya fito daga gidan malamai da alƙalai, kuma kawunsa Alhaji Inuwa Wada ya riƙe muƙamin minista a jamhuriya ta farko. Bayan karatun firamare da na midil a Kano, ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa.

Ya shiga aikin soja a 1958, ya sami horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, sannan ya ƙware a fannin sadarwa na soja. Yana cikin dakarun Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a farkon shekarun 1960.

Sunansa ya fara fitowa fili ne a watan Yulin 1966, lokacin da ya kasance cikin jagororin hafsoshin Arewa da suka kifar da gwamnatin Janar Aguiyi Ironsi, watanni shida bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Yakubu Gowon ne ya hau mulki, kuma tun daga wannan lokaci dangantakar mutanen biyu ba ta cika daɗi ba.

Yaƙin basasa

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, an ɗora wa Murtala jagorancin runduna ta biyu, wadda aka haɗa cikin gaggawa. Cikin 'yan makonni ya fatattaki dakarun Biyafara daga yankin Tsakiyar Yamma, ya ƙwato birnin Benin. Wannan nasara ce ta sa masa suna a matsayin jarumi mai zafin nama.

Sai dai a wannan fage ne kuma tarihinsa ya sami tabon da bai goge ba. A watan Oktoban 1967 sojojin rundunarsa sun kashe ɗaruruwan fararen hula maza a garin Asaba, lamarin da mutanen garin ke tunawa da shi har yau. Haka kuma ya nace sai ya tsallaka kogin Kwara da jiragen ruwa domin kama Onica, duk da shawarar da hedkwata ta bayar, aka yi ta asarar sojoji. A watan Maris na 1968 dakarun Biyafara suka yi wa wani dogon ayarin motocin rundunarsa kwanton ɓauna a Abagana, suka ƙone shi ƙurmus.

Masu nazarin tarihin soja sun fi dangana waɗannan abubuwa da halinsa guda: mutum ne da idan ya yanke shawara ba ya waiwaye, kuma ba ya ba haɗari muhimmancin da sauran mutane ke ba shi.

Kwana ɗari biyu

Ranar 29 ga Yulin 1975, yayin da Janar Gowon ke halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, wasu hafsoshi suka hamɓarar da gwamnatinsa ba tare da zub da jini ba. Suka miƙa ragamar ƙasar ga Birgediya Murtala, wanda a lokacin yake kwamishinan sadarwa na tarayya. Shekarunsa 36.

Kwana kusan 200 kawai ya yi a kan mulki, amma ya yi su kamar wanda ya san lokacinsa ƙanƙane ne. Ya sauke gwamnonin jihohi 12 gaba ɗaya. Ya soke ƙidayar jama'a ta 1973 da ta jawo ce-ce-ku-ce. Ya kankare ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci, ko lalaci, ko tsufa. Talakawa sun yi murna, to amma an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma akwai masu ganin cewa aikin gwamnati bai sake samun natsuwarsa ta da ba tun daga wannan kora.

Ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki, ya kuma tsayar da 1 ga Oktoban 1979 a matsayin ranar mayar da mulki ga farar hula. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 ya bayyana cewa za a mayar da babban birnin tarayya tsakiyar ƙasa, inda Abuja take a yau, ya kuma ƙara yawan jihohi zuwa 19. Jiharsa ta Kano bai raba ta ba. Mutanen Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure sai a 1991 suka sami jihar Jigawa. A harkokin waje, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola, saɓanin abin da Amurka ta nema, ya kuma bayyana hakan ƙarara a taron Addis Ababa cikin Janairun 1976.

Shugaba a cikin cunkoso

A ƙarshen zamanin Gowon, fitar shugaban ƙasa ko gwamna biki ce guda: jiniya, da babura 'yan rakiya, da jerin motoci, a tare hanya har sai sun wuce. Murtala ya yi watsi da wannan. Ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi maimakon ya tare a barikin Dodan, inda fadar gwamnati take, kuma kullum yakan tafi ofis a mota ɗaya, daga shi sai direba da dogarinsa da mai yi masa hidima. Idan cunkoson Legas ya tsayar da jama'a, shi ma ya tsaya.

Wannan hali ya ƙara masa farin jini matuƙa, domin mutane sun ɗauke shi shaida cewa abin da yake faɗa game da almubazzaranci har zuci ne. Abin lura shi ne, gudun jan hankalin da ya yi ya jawo masa wani jan hankalin da ya fi na jiniya. Baƙar Marsandi, wadda ke bin hanya ɗaya a kusan lokaci ɗaya kowace safiya, ba ta ɓuya ga kowa. Motar ba ta da sulke, gilasanta kuma na kowa da kowa ne.

Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, motar ta shiga cunkoso kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi. Wasu sojoji da suka laɓe a wurin suka buɗe mata wuta. Janar Murtala ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Mai yi masa hidima ya tsira da raunuka. A wani sashen birnin maharan sun harbi motar wani babban hafsa, suna zaton ta Janar Olusegun Obasanjo ce, abin da ke nuna cewa da motoci suke gane waɗanda suke nema. A Kwara kuma an kashe gwamnan jihar, Kanar Ibrahim Taiwo.

Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya yi shelar juyin mulki a gidan rediyo, amma kafin faɗuwar rana an murƙushe yunƙurin. Dimka ya tsere, aka kama shi bayan 'yan makonni, aka harbe shi ranar 15 ga Mayun 1976. Kafin nan, a watan Maris, an zartar da irin wannan hukunci kan wasu da dama, ciki har da kwamishinan tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla. An yi jana'izar Murtala a Kano.

Abin da ya biyo baya

Janar Obasanjo, wanda ya gaje shi, ya cika alƙawarin miƙa mulki a 1979. Gwamnatinsa ta kuma sa manyan jami'ai hawan Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna, a maimakon manyan motoci masu tsada. Sai dai zancen shugaban ƙasa ya shiga cunkoso ba tare da rakiya ba, wannan ya ƙare tun daga waccan safiyar, kuma jerin gwanon motocin shugabanni sai daɗa tsawo ya yi a gwamnatocin da suka biyo baya.

An sa wa filin jirgin saman Legas sunansa, haka ma babban asibitin cikin birnin Kano. A 1977 aka fitar da takardar naira 20 mai ɗauke da hotonsa, har Hausawa suka riƙa kiran takardar kanta Murtala.

Ba Nijeriya kaɗai ke ajiye irin wannan mota ba. Lincoln ɗin da aka harbe shugaba John Kennedy a cikinta a birnin Dallas a 1963 tana gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Amma ita Amurkawa sun sake mata fasali, suka sa mata sulke da rufi, shugabanni suka ci gaba da hawanta har zuwa 1977. Ta Murtala kuwa ba a mayar da ita kan titi ba, kuma ba a toshe hujojin ba. 'Yan makarantar da ake kaiwa Onikan yawon buɗe ido sukan tsaya a gabanta suna ƙirga su.