Robert Koch, Likitan Da Ya Gano Ƙwayar Tarin Fuka

Shekara 2 ke nan da kawuna ya kwanta da tari. Aka kai shi asibiti, aka auna kakinsa, aka ce tarin fuka ne, watau tibi. Aka ɗora shi kan magani na wata 6. Da ya sha na wata 2 ya ji ƙarfi, sai ya riƙa sha yau ya bari gobe, daga bisani ma ya ajiye ya koma kasuwa. Bara ciwo ya dawo, wannan karon kuwa maganin farko ya daina ci. Ni nake kai masa abinci asibiti in an tashi daga makaranta, hancina da bakina a rufe. Wannan zirga-zirga ita ta sa na nemi sanin wanda ya fara ganin abin da ke cin huhun kawuna. Ga abin da na samo, ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunansa Robert Koch, Bajamushe ne. An haife shi ran 11 ga Disamba, 1843, a Clausthal, wani garin masu haƙar ma'adinai. Shi ne na 3 cikin 'ya'ya 13. Ya yi karatun likita a Jami'ar Göttingen, ya gama cikin 1866. Bayan ya yi aikin jiyyar sojoji a yaƙin Jamus da Faransa, sai aka naɗa shi likitan gunduma a wani ɗan gari mai suna Wollstein cikin 1872.

A nan ne halinsa ya bayyana. Ba shi da babban ɗakin bincike, sai ya keɓe wani sashe na ɗakin da yake duba marasa lafiya, ya ajiye madubin likita. In ya sallami mutane sai ya duƙufa kan jinin tumaki da shanun da ciwon saifa ya kashe. Cikin 1876 ya nuna yadda ƙwayar wannan ciwo take rayuwa, da yadda takan daɗe kwance cikin ƙasa tana jiran dabba. Wannan aiki ya sa aka kira shi Barlin, babban birnin ƙasar, cikin 1880.

A zamanin nan, cikin kowane mutum 7 da suka mutu a Turai, ɗaya tarin fuka ne ajalinsa. Likitoci da yawa sun ɗauka gadonsa ake yi, kamar yadda har gobe wasunmu ke cewa sammu ne. Koch ya tsaya kan cewa ƙwayar cuta ce, amma nuna ta ya yi wuya. Siririya ce ƙwarai, ga ta da wani rufi mai kama da kakin zuma wanda ba ya shan rini da sauƙi. Ya yi ta gwada rini iri iri har ya dace da wani shuɗi, ya hango ta kamar 'yan guntayen tsinke. Sa'an nan ya shuka ta kan ruwan jinin dabba da aka daskarar. Sauran ƙwayoyin cuta kan tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa shiru. Wani da tuni ya zubar, amma shi ya jira wajen mako 2 har ta fito. Ya ɗiba ya sa wa ɓerayen Masar masu lafiya, suka kamu da tarin fuka.

Ran 24 ga Maris, 1882, ya tsaya gaban manyan masana a Barlin, ya baje musu shaidarsa, kowa ya leƙa madubi ya gani da idonsa. Saboda haka ne ake tunawa da tarin fuka a duniya duka ran 24 ga Maris kowace shekara. Daga nan ya tafi Masar da Indiya, inda ya tabbatar da ƙwayar kwalara cikin 1884.

To, sai dai mutum tara yake bai cika goma ba. Cikin 1890, a wani babban taron likitoci a Barlin, Koch ya ba da sanarwar ya sami abin da zai tsayar da tarin fuka, wanda aka sa wa suna tuberculin. Bai gama gwada shi yadda ya kamata ba, ya kuma ɓoye abin da ya haɗa shi da shi. Dubban marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Barlin. Ba a daɗe ba aka gane ba ya warkarwa, wasu ma da aka yi wa allurar suka mutu. Mutumin da haƙuri ya ɗaukaka, ga shi gaggawa ta kunyata shi. Ko da yake daga baya ruwan ya yi amfani wajen gwajin fata, don gane wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa. Ya sake yin wani kuskure a Afirka ta Gabas cikin 1906 da 1907, inda ya gwada maganin ciwon barci mai guba kan mutanen tsibiran Tafkin Biktoriya, har wasu suka makance. Wannan tabo ne a tarihinsa, bai kamata a ɓoye ba.

An ba shi kyautar Nobel cikin 1905 saboda aikinsa kan tarin fuka. Ya rasu ran 27 ga Mayu, 1910, da ciwon zuciya, bai ga maganin ciwon da ya gano ba. Sai cikin 1943 aka samo streptomycin a Amurka. Nan da nan kuwa aka lura in an ba da shi shi kaɗai, 'yan ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa su zama ba sa jin sa. Shi ya sa yau ake haɗa magani iri 4 a wata 2 na farko, a ci gaba da iri 2 har wata 6 su cika.

Irin ciwon da ya kama kawuna shi ne wanda ya bijire wa isoniazid da rifampicin, manyan magungunan nan biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 400,000 suka kamu da tarin da ba ya jin rifampicin cikin 2023. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya taɓa shan magani ya yi masa wasa, da wanda aka ba magani marar kyau ko wanda bai cika ba, da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai irin wannan tari, balle in ɗakin ba iska. Mai ƙanjamau, da mai ciwon sukari, da wanda ba ya samun abinci isasshe, jikinsu ya fi saurin faɗuwa. A da jiyyarsa takan kai shekara 2, da allurai masu kurmantar da mutum. Amma cikin 2022 hukumar ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata 6, ba allura, wanda ya ƙunshi sabon magani mai suna bedaquiline. Akwai kuma na'ura mai auna kaki ta faɗi cikin awa 2 ko ƙwayar tana jin rifampicin.

Abin da na koya daga rayuwar Koch shi ne, wannan ƙwaya mai nawa ce, ba a cin ta da sauri. Ya jira ta mako 2 ya yi nasara, ya yi mata gaggawa ya ji kunya. Haka kawuna ya yi, jin sauƙi ya ɗauka warkewa ne. Ina roƙon iyayenmu, duk wanda tari ya wuce masa mako 2, ko yana zufa da dare yana ramewa, a kai shi asibiti. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati na Nijeriya. In an fara kuma, kada a tsaya sai likita ya ce a tsaya.

Kawuna yanzu ya dawo gida, ya fara ƙiba. Kullum da safe kafin in ɗauki jakata, sai na tsaya na ga ya haɗiye ƙwayoyinsa, sa'an nan in ja layi a kalanda. Saura mako 7.